Abin da Ya Hana Mu Zuwa Fadikpe

Kun sha tambayata, musamman ke Zainab, me ya shiga tsakanina da kawunku Inuwa har muka daina zuwa gidansa a unguwar Fadikpe ranar Sallah. Kullum amsata ɗaya ce, in ce muku maganar manya ce. To yanzu ku ne manyan, ni kuma na kai shekarun da idan ban faɗa da bakina ba, wani zai faɗa muku yadda ya ga dama. Na ji an ce rikicin gado ne. Na ji an ce babanku ne ya zuga ni. Babu wani gado, don mahaifinmu bai bar mana komai ba sai hular aikin jirgin ƙasa da buzun salla. Babanku kuwa, Allah ya jiƙansa, shi ya fi kowa roƙona kada in yi abin da na yi. Abin da ya raba ni da yayana waƙa ce ta Turanci mai layi uku, wadda za ka karanta ka gama kafin ka sauke numfashi.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane. Lokacin da nake aiki a ɗakin karatu, akan aiko mana da kwalayen littattafan kyauta daga ƙasashen waje, mafi yawansu tsofaffi ne da babu mai buɗewa. A ƙasan wani kwali na tsinci wata 'yar siririyar mujalla, an ɗinke ta da ƙarfen ɗinke takarda. Kowane shafi waƙoƙi biyu ko uku ne kawai, sauran fili fari fat. Ana kiran irin waƙar haiku. Asalinta daga Japan ne, amma waɗannan mutane da Turanci suke rubutawa. Akwai kuma mai layi biyar da suke kira tanka, wadda babanku ya yi ta yi mini tsiya da ita, yana cewa su yi ta waƙarsu, wa zai tanka musu. Ni da na tashi da waƙa mai baiti arba'in da amshi, wadda ba ta ƙarewa sai ta yi maka wa'azi, abin ya tsaya mini a rai. Mai haiku kuwa zai nuna maka abin da idonsa ya gani, ya sa alamar lokacin shekara, ya yi shiru, sauran ya bar maka. Na fara rubuta nawa ina aikawa ta gidan waya. Aka yi ta dawo mini da su, kowane da 'yar shawara da rubutun hannu daga matar da ta kafa mujallar, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya a Kanada mai suna Rut. Daga baya aka karɓi ɗaya, aka karɓi wani, har wata rana Rut ta nemi in shiga cikin masu tace waƙoƙin. Babu mai karɓar ko sisi a cikinmu. Akwai likitan haƙori a Indiya, Dakta Anand, akwai mai raba wasiƙu, akwai malamar makaranta, sai ni a unguwar Shango ta Minna ina jiran a kawo wuta. Rut ce ke cire sunayen mawaƙa kafin ta rarraba mana, don kada wani ya zaɓi waƙa saboda mai ita.

Shekarar da nake so in ba ku labarinta ita ce shekarar da na yi ritaya. Kuna gani kamar hutu na samu, amma ban taɓa shiga takura irin ta wannan shekara ba. Na saba fita da safe, sai ga ni a tsakar gida ina share inda na riga na share. In zauna in tashi, in leƙa ƙofa, in koma. Ana cikin haka Rut ta aiko cewa za a yi mata aikin ido, likita ya hana ta karatu na tsawon lokaci, tana so in riƙe mujallar gaba ɗaya har ta warke. Na karɓa hannu bibbiyu, ban ko yi shawara da kowa ba. A lokacin muna buga kaɗan a takarda, sauran masu karatu kuma suna gani a intanet.

Shi kuwa Yaya Inuwa, kun san shi da tsufa, ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Ina 'yar aji biyu mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu ta bi shi ba da daɗewa ba. Yaya ne ya ɗauke ni, yana sabon malamin makaranta, ɗakinsa ɗaya. Shi ya koya mini Turanci da bulalar dogon yaro a hannu, kodayake ban tuna ya taɓa sauke ta a jikina ba. Ya zama hedimasta, ya yi suna, har a kasuwa yakan tsaya ya gyara wa mai allon shago rubutu. Mutum ne da bai tara komai ba sai mutunci, kuma yana tattalinsa kamar ƙwai. Matarsa Larai ta rasu shekara guda kafin ritayata. Tun daga nan Yaya ya zube. Ya daina aski, ya daina zuwa taron tsofaffin malamai, in ka je sai ka same shi a kujerar roba yana kallon bango. 'Yarsa Binta, wadda kuka tashi tare kamar ciki ɗaya, ta yi ta kuka tana cewa in yi wani abu. Ban san abin da zan yi ba, sai na kwashi tsofaffin fitowar mujallar na cika jaka na kai masa. Ya buɗe ɗaya, ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Wannan ce waƙar da kike ɓata lokaci a kanta? Hadiza, wannan ai atishawa ce."

Na bar masa jakar na tafi. Watanni suka wuce ban ji komai ba. Ashe ya fara rubutawa a ɓoye, ya sa Binta ta aika masa zuwa mujallar ta kwamfutar ofishinsu. Da waƙoƙin fitowar damina suka taru, ni ce mai cire sunaye a madadin Rut, sai na ga sunan yayana. Na yi murna, na kuma ji tsoro. Na cire sunan, na tura wa Dakta Anand waƙar, na ce wannan kada a tambaye ni ra'ayi. Dakta ya zaɓe ta, har ya ce ita ta cancanci buɗe mujallar. Ga ma'anarta da Hausa, gwargwadon yadda zan iya:

ruwan farko
na juya in kira ta
ta kwashe shanya

Da ta fito, Yaya ya sa aka yi mata firam ya rataya a falo kusa da hoton Larai. Ya yi aski. Ya koma taron tsofaffin malamai, ya karanta musu, ya rubuta wa kowa adireshin mujallar a takarda don su je 'ya'yansu su buɗe musu su gani da idonsu. Binta ta zo har Shango ta rungume ni, ta ce na dawo mata da ubanta. Ina jin a duk rayuwata ban taɓa ganin na biya Yaya wani abu daga ɗawainiyar da ya yi da ni ba sai a wannan ɗan tsakanin.

Damina ba ta yi nisa ba saƙo ya shigo daga wata mata a Niyu Zilan mai suna Magret. Ta ce waƙar da ta buɗe fitowar damina tata ce. Ta rubuta ta bayan rasuwar mijinta, kuma mujallarmu ce ta buga ta shekarun baya. Ta haɗo da hoton shafin. Na jera su biyun ina dubawa. Layin farko ya bambanta, ita ruwan kaka ta ce. A layi na biyu ita miji take kira, shi mata. Ban da wannan, kalma bayan kalma, duk ɗaya ne. Matar ba ta yi zagi ba, ba ta ce sata ba. Abin da ta ce shi ne, da ta buɗe mujallar sai ta ji kamar wani baƙo ya sa rigar mijinta ya wuce ta ƙofar gidanta. Na tashi na duba kantar littattafaina, fitowar da waƙarta take ciki ba ta nan. Tana cikin jakar da na kai Fadikpe.

Mujallar tana da ƙa'ida tun kafin zuwana. Idan haka ta faru, a fitowa ta gaba ake sanarwa, da sunan mai waƙar ta asali da sunan wanda aka janye tasa. Rut ta taɓa yi wa wasu, na gani da idona, har na yaba mata a lokacin. Na sanar da sauran masu tacewa, na gaya musu gaskiya cewa mutumin yayana ne. Dakta Anand mutumin kirki ne. Ya ce waƙa mai gajarta irin wannan takan zauna a kan mutum ya manta inda ya same ta, ya ga irin haka ba sau ɗaya ba. Ya kawo shawara a cire ta daga intanet shiru, a ba Magret haƙuri a ɓoye, magana ta mutu. Mai raba wasiƙun kuma ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, kuma kwafin takarda ya riga ya shiga hannun mutane da sunan da ba na mai waƙar ba. Daga ƙarshe duk suka ce ni ce riƙe da mujalla, abin da na yanke shi ke nan. Rut ba ta iya karatu, ban kuma ga dacewar ɗora wa marar lafiya wannan kaya ba.

Ku da kuke gidan a lokacin, wataƙila kun tuna na zama kamar wadda aka ɗora a kan garwashi. In ɗora tukunya in manta. In fita da niyyar zuwa Fadikpe, keke ya kai ni har bakin layin, in ce wa mai keken ya wuce, in sauka a kasuwa in yi ta zagaya rumfuna ban sayi komai ba. Na rubuta sanarwar na goge ban san adadi ba. Wata safiya na bi babanku gonarsa ta doya a wajen Chanchaga, abin da ban taɓa yi ba, don kawai kada in zauna a gida. Kogin ya cika ya yi ja. Yana kafa wa doya sanda ina biye da shi kunya bayan kunya ina ba shi labari. Kun san babanku Gbagyi ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, har ya rasu da "kai" yake kirana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya dogara da sanda.

"Wannan mata na Niyu Zilan, ka taba ganinsa?"

"Ban taɓa ba."

"In ka mutu zai zo jana'iza?"

Na ce ba wannan ba ce maganar. Na ce ita ma mijinta ya mutu, waƙar nan ita ce abin da ta ajiye a madadinsa, kuma amana aka ba ni. Na ce idan na rufe don yayana ne, gobe da wane ido zan janye ta wani. Na ce ni ce ta farko daga wannan nahiya da aka ba riƙon mujallar, kuma na san abin da wasu ke faɗa a kan 'yan ƙasarmu ko ba su faɗa a gabana ba. Ya gyaɗa kai, ya ce duk ya ji.

"Amma Hadiza, mutum daya ne ya rage a duniya wanda ya san fuskan mamanka. Ka yi tunani."

Na yi tunanin. Shi ya sa na ce ba zan buga komai ba sai na je na zauna da Yaya ido da ido. Na je bayan la'asar, na same shi a falo yana gyara wa wani jikan maƙwabta takardar neman aiki. Ya sallami yaron, ya sa Binta ta kawo mini kunun zaƙi. Na kasa sha. Na miƙa masa shafukan biyu. Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Da ya buɗe baki, ba kare kansa ya fara yi ba, labari ya ba ni. Ya ce ranar da aka yi ruwan farko yana zaune a nan inda yake, ya ji ƙanshin ƙasa, ya ji ɗigo a kan kwano, bai san lokacin da ya juya ya ƙwala wa Larai kira ba. Sai da sunan ya fita daga bakinsa ya tuna. Ya ce ya fita da kansa ya kwashe kayan, ya dawo jiƙe sharkaf, ya zauna ya rubuta layukan nan uku ba tare da ya goge ko harafi ɗaya ba. Ya ce Binta shaida ce, ta ji kiran daga ɗaki. Binta tana tsaye bakin ƙofa, ta ce haka aka yi. Na tambaye shi ko ya karanta fitowar da ke cikin jakar. Ya ce ya karanta wasu, bai karanta wasu ba, ba zai iya rantsuwa a kan wannan ba, amma zai rantse da Alƙur'ani bai buɗe littafin kowa ya kwafa ba.

"Kin yarda ni ɓarawo ne?"

"Ban yarda ba, Yaya."

"To me za ki rubuta?"

Na gaya masa. Zan ce waƙar ta yi daidai da wata da aka riga aka buga, cewa haƙƙin na Magret ne, cewa an janye ta biyun. Babu kalmar sata, babu kalmar kwafa. Na ce zan ƙara da cewa mun gamsu ba da gangan ba ne. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce shekara nawa ya yi yana rubuta wa iyayen yara irin wannan takarda, duk wanda ya iya karatu ya san abin da ake nufi. Na roƙe shi ya rubuta wa matar da kansa, ya ba ta labarin da ya ba ni, wataƙila ita ma ta ce a bar maganar. Ya ce ba zai nemi gafarar wata a kan mutuwar matarsa ba. Ya ce Larai tasa ce, ruwan a kan rufinsa ya sauka, kiran daga maƙogwaronsa ya fito. Na ce Magret ma haka take ji. A nan ne ya cire tabarau ya ajiye.

"Ni na kama hannunki kika rubuta harafin farko. In da wannan hannun za ki rubuta sunana a wannan wuri, ki rubuta. Amma kada ki ƙara tako ƙofar nan."

Na fito ban sha kunun ba. Daga Fadikpe har Shango da ƙafa na taho, kun san nisan, ban ma lura ba sai da na ga kaina a bakin layinmu ƙafafuna sun yi futu-futu. Ko bayan nan ban yanke ba. Na rubuta wa Magret da kaina na ba ta labarin Yaya duka. Ta amsa da tausayi, ta ce ta yarda, ta ce tana yi masa ta'aziyya. Amma ta ce tana so a gyara, don waƙar na cikin ɗan littafin da ta haɗa wa jikokinta, ba ta so wata rana wani ya ga ta Yaya ya ɗauka ita ce ta kwafa. Na kai wa Binta amsar a ofishinsu don ta nuna masa, ta dawo mini da ita ta ce ya ƙi karɓa.

Sanarwar ta fito a fitowar kaka, a shafin ƙarshe, da ƙananan haruffa, da sunana a ƙasa. Dakta Anand ya ce in bari shi ya sa hannu, na ƙi, don Yaya zai ce na ɓuya a bayan baƙo. A raina ina cewa wa ke karanta mujallar haiku a Minna, abin zai wuce ba wanda ya sani. Na manta da 'yan takardun da Yaya ya raba da hannunsa. Ɗaya daga cikin tsofaffin malaman ya sa ɗansa ya riƙa buɗe masa kowace fitowa. Kafin a gama girbi magana ta zagaya taron. Ba wanda ya fuskance shi da ita, amma an ce wani ya yi wasa da ita a bayan idonsa, wai hedimastan da ya kori yara don satar amsa. Yaya ya sauke firam ɗin daga bango. Bai ƙara zuwa taron ba har ya bar duniya.

Sauran kun gani, ba ku dai san dalili ba. Da Sallah ta zo na aika ɗan'uwanku Usman da kwanon tuwo da miyar taushe kamar kullum, ya dawo da shi ba a ko ɗaga murfin ba, yana tambayata ko ya yi wa Kawu laifi ne. Na ce masa a'a, na shige ɗaki. Babanku ya je sau biyu da dattawa, Yaya ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa, ya ce ba shi da matsala da kowa, amma maganarsa tana nan. Binta ta tsaya a bayan ubanta, ban kuma ga laifinta ba, ita ta ga yadda ya koma kujerar roba. Ranar ɗaurin aurenki, Zainab, kin yi ta leƙen ƙofa kina tambaya ko Kawu ya zo. Na ce miki ba shi da lafiya. Lafiyarsa ƙalau. Ya aiko da Alƙur'ani da darduma ta hannun maƙwabci, su ne waɗanda na ce miki daga wata ƙawata suke, don na kasa yi miki bayani a ranar.

Rut ta warke ta karɓi mujallarta, ta ce na yi abin da ita ma za ta yi. Na ci gaba da tace waƙoƙi wasu shekaru, amma abin ya canza mini. Duk waƙar da ta burge ni sai in kasa jin daɗinta, in tashi in hau binciken tsofaffin fitowa ina neman inda na taɓa ganinta. Kaina ma na daina yarda da shi. In layi ya zo mini ina wanke-wanke, sai in tsaya ina tambayar kaina nawa ne ko na wani. Daga baya na miƙa aikin ga matasa, sun iya, mujallar tana nan har yau kuma har yau ba a biyan kowa. In kun tambaye ni ko da za a maida ni wannan shekara zan sake bugawa, zan ce muku e. Sai dai da can da ƙarfi nake faɗa, yanzu kuwa a hankali.

Shekaru sun ja kafin in sake shiga gidan. Babanku ya riga ya rasu, Yaya ya zo jana'iza ya tsaya cikin maza ya koma bai shigo ba. Wata rana da hantsi Binta ta kira ni, muryar da na daɗe ban ji ba, ta ce jikin Baba ya yi tsanani, kuma ya ce a kira Hadiza. Na same shi a kwance ya rame, idonsa ya yi zuru-zuru, amma hankalinsa garau. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Ya tambayi ku ɗaya bayan ɗaya. Ya ce na tsufa. Na ce shi ma. Na zauna ina jiran ya tayar da maganar, ina shirya abin da zan ce, ko in ba da haƙuri ko in yi shiru. Da ya tayar, ta inda ban zata ba ya ɓullo.

"Matar nan, tana da rai?"

"Ban sani ba, Yaya. Mun daɗe ba mu yi magana ba."

"Binta ta ce ta yi mini ta'aziyyar Larai a wancan lokaci. Ni ban yi mata ta mijinta ba. Wannan ba tarbiyya ba ce. Ki rubuta mata."

Ya faɗa da Turancinsa na hedimasta ina rubutawa a waya. Bai ambaci waƙa ba ko sau ɗaya. Ya ce ya san abin da ake ji idan gida ya yi shiru, ya ce yana fatan ta samu masu kula da ita, ya sa cikakken sunansa. Ya sa na karanta masa, ya gyara mini waƙafi a wuri biyu. Na aika. Duk zuwan da zan yi bayan nan, kafin in zauna sai ya tambaya ko an amsa. Da amsar ta zo, daga ɗanta ta zo. Ya ce mahaifiyarsu ta rasu tun shekarar da ta gabata, amma sun gode, za su ajiye saƙon tare da takardunta. Na yi ta jujjuya wayar a cikin keke ina tunanin ko in ce masa har yanzu shiru. Da na shiga ya tambaya, na gaya masa gaskiya. Ya rufe ido. Sannan ya ce, da ma ya yi mata ta'aziyyar tun tana ji. Har ya cika bai ce ya karanta waƙarta ba, ban kuma sake tambaya ba. Jakar da na kai masa ban san inda take ba, ban nema ba.

Wannan shi ne abin da ya faru, ba gado, ba zuga. Kawunku bai yi sata ba, kada wanda ya faɗa muku haka ku yi shiru. Uwarku ma ba ta wulaƙanta wanda ya raine ta don ta burge Turawa ba. Abin da ba ku da hannu a ciki shi ya fi ci mini rai, don ku da Binta ba ku rubuta komai ba, ba ku buga komai ba, amma ku kuka yi asarar juna. Ni da ita muna gaisawa yanzu, sai dai gaisuwar da ba ta wuce bakin ƙofa. Bayan Babbar Sallah za ta aurar da 'yarta ta fari. Ta aiko mini da kati guda ɗaya, ba ta sa sunayenku ba, don tana jin kunyar ku ƙi zuwa. Ku ɗauki hutu a wuraren aikinku ku taho, kowa da iyalinsa. Binta ba ta san ko ɗaya daga cikin 'ya'yanku ba. Ku kai mata su har ɗakinta, ku tsayar da su a gabanta, ku gaya mata sunan kowa.